Na sayi iri mai jure cuta, ga ganyen masarata yana ƙonewa

Assalamu alaikum Malam. Ni da mahaifina muke noma gona ɗaya, kuma bana shekara ta uku ke nan a jere muna zuba masara a cikinta. Da faɗuwar damina na matsa masa har ya bar mini rabi, na shuka ingantaccen iri da na saya, wanda aka rubuta a jikin ledarsa cewa yana jure cututtukan ganye. Shi kuma ya shuka nasa irin da yake ajiyewa kowace shekara. Yanzu masara ta fitar da kai, ta fara gemu, sai ga ganyayen ƙasa sun yi wani tabo dogo-dogo mai tsini a baki biyu, kamar wuta ta lashe su. Wasu ganyayen sun bushe ɗungurungum. Na koma wurin wanda ya sayar mini da irin, ya ce taki ne bai isa ba, in ƙara, in kuma haɗa da maganin ƙwari. Baba ya ce an yaudare ni, na zubar da kuɗin gida a banza. Da na nuna masa cewa nasa rabin ma akwai tabon, sai ya ce ai shi bai sayi nasa da kuɗi ba. Yanzu ko maganar gona ba ma yi. Shin da gaske an cuce ni? Akwai abin da zan fesa? Kuma yaya zan yi da Baba?

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Amsar da Baba ya ba ka ta sa ni murmushi, kuma kada ka raina ta, domin akwai gaskiya a ciki: wanda ya biya kuɗi shi ke da haƙƙin ya ga bambanci. Sai dai ku duka biyun kuna neman bambancin a inda ba a nemansa. Kuna duban ganyayen ƙasa, alhali hukuncin yana sama, a ganyen da ke rungume da goyo da waɗanda ke bisansa.

Bari mu fara da sanin abin da ya kama gonar. Yadda ka siffanta tabon, dogo, mai faɗi a tsakiya da tsini a baki biyu kamar kwalekwale, ya yi daidai da cutar ƙunar ganye da wata fumfuna mai suna Exserohilum turcicum ke haddasawa. Tabonta yakan fara da launin toka-toka mai ɗan kore, daga baya ya koma ruwan ƙasa, tsawonsa kuma daga santimita 3 har zuwa 15, kuma ba ya tsayawa a tsakanin jijiyoyin ganye, yana tsallake su. In kana son ka tabbatar, ciro ganye ɗaya mai tabo, ka sa shi a leda tare da jiƙaƙƙiyar takarda, ka ɗaure, ka bar shi kwana ɗaya ko biyu. Idan ka buɗe ka ga wani baƙin gari kamar kunkunniya ya rufe tsakiyar tabon, to ita ce. Wannan garin shi ne 'ya'yanta, su ne iska da feshin ruwan sama ke ɗauka daga ganye zuwa ganye.

Na ce ka tabbatar ne saboda tana da 'yan'uwa, kuma daga nesa duk ƙuna ce. Akwai mai tabon toka siriri, mai kusurwa huɗu kamar an ja shi da rula, wanda jijiyoyin ganye ke tokare shi hagu da dama. Wannan ta dangin Cercospora ce. Akwai tsatsa, wadda ke fito da ƙananan ƙuraje, in ka shafa yatsa sai jan gari ya biyo ka. Akwai kuma abubuwan da ba fumfuna ba ne sam. Ƙarancin takin naitirojin yana sa ganyen ƙasa ya yi rawaya tun daga tsininsa, rawayar ta bi tsakiyar ganyen tana shiga ciki kamar bakin mashi. Ƙarancin fotash kuwa gefen ganye yake ƙonawa. Cutar zane-zanen rawaya da ke bin tsawon ganye ita kuma ƙwayar cutar bairos ce ke jawo ta, wani ɗan ƙwaro mai tsalle ke yaɗa ta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya yi kama da kwalekwalen da ka faɗa. Saboda haka shawarar mai shago ba ta da wurin zama. Maganin ƙwari ba ya kashe fumfuna, kuma ƙarin taki ba ya tayar da ganyen da ya riga ya mutu. Ban ce ya yi niyyar cutarka ba, amma wanda bai taka gonar ba, kuma yana da kaya a kanta, ba shi ne likitanta ba.

Yanzu ga maganar da ta fi kowacce muhimmanci. Ƙwayar masara, yawancinta, ana gina ta ne bayan gemu ya fito, cikin makonni shida zuwa takwas, da abincin da ganye ke haɗawa daga hasken rana. Amma ba duk ganye ne ke wannan aiki daidai ba. Ganyen da ke jikin goyo da waɗanda ke samansa su ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin cika ƙwaya, domin su rana ke duka. Na ƙasa sun yi nasu aikin tun masara tana yabanya. Yanzu suna cikin inuwa, kuma ko babu cuta za su fara bushewa. Ita kuwa wannan cuta daga ƙasa take tasowa, ta hau a hankali. Ashe ke nan tsere ake yi tsakaninta da goyo: wa zai riga wani? Idan ta cinye ganyayen sama kafin gemu ko jim kaɗan bayansa, a irin da ba shi da juriya, asara tana iya kai kashi 30 cikin 100, wani lokaci har rabi. Idan kuwa ba ta iso sama ba sai ƙwaya ta yi tauri, gonar za ta yi muni a ido, amma buhunanka kusan suna nan yadda suke.

A nan ne ma'anar kalmar da aka rubuta a jikin ledarka take. Juriya ba ta nufin cuta ba za ta taɓa shuka ba. Abin da take nufi, a mafi yawan irin da ake sayarwa, shi ne tabo zai yi jinkirin fitowa, ba zai yi yawa ba, ba zai yi girma ba, kuma zai zubar da 'ya'ya kaɗan. A irin da ba ya jurewa, daga saukar ƙwayar cutar a ganye zuwa fitowar tabo kwana 7 zuwa 12 ne, sai sabon tabon ya haifi wasu, su ma su haifi wasu. Duk kwanan da iri ya ƙara a kan wannan zagaye, ribar manomi ce, domin goyo yana ta cika. Wato abin da ka saya jinkiri ne. Ba a gane jinkiri da kallon gona rana ɗaya, sai an gwada da na kusa. Kai kuwa Allah ya ba ka abin gwaji a gefenka, rabin Baba.

Akwai wata juriyar daban, mai kaifi, wadda ke rataye a kan ƙwayar gado guda ɗaya tak. A shekarun 1960 masu binciken iri a Amurka sun gano irin wannan a kan cutar da ke gonarka, suka sa mata suna Ht1, aka shigar da ita cikin masara iri-iri, ta yi aiki kamar yankan wuƙa. A shekarun 1970 sai aka samu wani jinsin fumfunar a jihar Hawai ta Amurka wanda ya san hanyar kewaye ta, daga baya ya bazu. Ƙofa ɗaya ce aka kulle, ɓarawo ya sassaƙa mabuɗi. Shi ya sa masu fitar da iri, har da cibiyoyin binciken noma na ƙasa da ƙasa irin su CIMMYT da IITA, suka fi dogara da juriyar da ke tattare a ƙwayoyin gado da yawa, kowacce na ba da ɗan nata. Ba ta hana tabo, amma tana daɗewa ba ta karye ba. Ganin tabo a gonarka, shi kaɗai, ba hujja ba ce a kan irin.

Kada kuma ka ɗauka ina cewa duk abin da aka rubuta a leda gaskiya ne. Ana sayar da irin jabu, hatsi ne kawai aka shafa wa launi. Kuma ko na gaske ne, rubutun da ya ce yana jure cututtukan ganye, bai faɗi wace cuta ba, rubutu ne mai faɗi da yawa. Iri yana iya jure tsatsa ya faɗi a gaban ƙunar ganye. In ledar tana nan, adana ta, da sunan irin da lambar da ke jikinta. Za ta yi maka amfani idan awo ya nuna cewa naka bai fi na Baba da komai ba.

To daga ina cutar ta fito, tunda ba a jikin iri ta zo ba? Daga gonarku. Wannan fumfuna tana kwana rani a cikin busasshen ganye da karan masarar bara da ke kwance a bisa ƙasa. Da ruwa ya sauka sai ta farka. Tana son yanayi mai ɗan sanyi, wajen digiri 18 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyos, da ganye mai jiƙe na awa shida ko fiye, irin dararen da raɓa ke kwana har hantsi ko ranakun da hadari ke wuni. Shekara uku kuna zuba masara a kan masara, kowace kaka kuna bar mata abinci da makwanci. Ko wane iri aka kawo wannan gona bana, da sai ya ɗanɗana. Haka ta faru da tabon toka da na ambata: an san shi tun 1925 a jihar Ilinoi ta Amurka, bai dami kowa ba tsawon shekaru, sai da manoma suka rage huɗa suna barin tarkacen masara a sarari don kare ƙasa daga zaizaya, sannan ya zama babbar cuta. A 1988 aka gan shi a yankin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu, daga nan ya zama abin da manoman masara a ƙasashe da dama na nahiyar ke fama da shi. Cikin fumfunan nan, tsatsa ce kawai ba ta bin wannan hanya, ita ba ta rayuwa a mataccen kara, iska ce ke kawo ta daga wata gona mai ɗanyen ganye.

Ka tambayi feshi. Amsar tana cikin gona. Gobe da safe ka shiga, ka bar layukan gefe, ka duba shuka kamar 20 a wurare daban-daban. A kowacce ka nemo ganyen da ke jikin goyo, ka ƙirga uku zuwa ƙasa. Ƙa'idar da malaman gona da yawa ke bi ita ce, idan kusan rabin shukar da ka duba suna da tabo a wannan ganye na uku ko sama da shi, a daidai lokacin fitar kai da gemu, kuma ana ci gaba da ruwa da raɓa, to feshi yana iya biyan kansa. Idan tabon yana can ƙasa, ganyayen sama tsaf, ka riƙe kuɗinka, ka dawo bayan kwana biyar ka sake dubawa. Idan ruwa ya ɗauke, rana ta buɗe, cutar da kanta take lafawa.

In ta kama a yi feshin, yanzu ne lokacinsa, daga fitar kai zuwa farkon gemu. Maganin fumfuna za ka nema, kuma kada ka bi sunan da kamfani ya raɗa masa, ka karanta sinadarin da ke ciki. Waɗanda aka saba amfani da su a kan wannan cuta sun haɗa da azoxystrobin, propiconazole da difenoconazole, yadda ake rubuta su a jikin kwalba, sau da yawa a haɗe biyu-biyu. Mancozeb ma yana kariya, amma a kan fatar ganye kawai yake zama, ruwan sama na wanke shi, kuma ba ya tsayar da cutar da ta riga ta shiga. Ka sani babu wanda zai mayar da busasshen ganye kore. Aikinsu kare ganyen da bai kamu ba, na tsawon mako biyu zuwa uku. Saboda haka ganyayen sama za ka nufa, ba waɗanda suka tayar maka da hankali ba. Ka bi awon da aka rubuta, kada ka rage don ya isa, kada ka ƙara don ya yi ƙarfi. Kuma masarar da ta fi ka tsawo, duk abin da ka fesa sama a kanka yake saukowa: ka rufe jiki, hanci da ido, ka bar iska a bayanka, kada ka yi a lokacin da hadari ya haɗo. Idan ƙwaya ta riga ta yi tauri kafin ka samu maganin, ka haƙura, kuɗin ba zai dawo ba.

Wani abu da manoma ke mantawa da shi sai ya same su: masarar da ta rasa ganye tana janyo abincin da ta ajiye a kara don ta cika goyo. Karan sai ya zama fanko, ruɓa ta shige shi, iska kaɗan ta kwantar da shi. Sau da yawa asarar da ake yi a nan ta fi wadda ganyen ya jawo kai tsaye, domin goyon da ya taɓa ƙasa rabon gara ne da ɓeraye da ruɓa. Idan masara ta nuna, ka riƙa matsa gindin kara da yatsu biyu. In yana lotsewa a shuka da yawa, kada ka bar ta ta daɗe a tsaye, ka girbe da wuri ka ƙarasa shanya a waje. Kuma kafin nan kada a zage ganyayen sama don dabbobi, su ne jarinka.

Na dawo kan Baba. Kada ka je masa da niyyar ka ci gardama. Irin da yake ajiyewa ba abin wasa ba ne. Shekara da shekaru yana zaɓen goyo mai kyau daga shukar da ta tsira a wannan ƙasa, da cututtukanta, kuma ba duk shukarsa ce jini ɗaya ba, don haka da wuya cuta ɗaya ta share su baki ɗaya. Tarihi ma ya tsaya masa a wani ɓangare. A 1970 wajen kashi 85 cikin 100 na masarar Amurka sun yi tarayya a wata siffar gado guda, wadda kamfanonin iri suka so domin tana hutar da su aikin cire kan masara da hannu wajen haɗa iri. Sai ga wani jinsin fumfunar Bipolaris maydis da ya dace da wannan siffa daidai. A damina ɗaya ƙasar ta rasa kimanin kashi 15 cikin 100 na masararta, a jihohin kudu wasu gonakin aka tashi babu komai. Sai da aka koma wa tsohuwar hanya sannan abin ya lafa. Wanda ya ƙi zuba gonarsa duka a iri ɗaya da bai sani ba, ba jahilci ya yi ba.

Amma tarihin bai ba shi duka ba. A 1949 tsatsar Puccinia polysora, wadda asalinta nahiyar Amurka ne, ta bayyana a Saliyo. Masarar gargajiya ta yankin ba ta taɓa haɗuwa da ita ba, ba ta da abin kare kai, cikin 'yan shekaru cutar ta ratsa har gabashin Afirka tana yin ɓarna mai yawa. Abin da ya kawo sauƙi daga baya shi ne samun masara mai jure ta. Irin gado yana jure abin da ya sani ne kawai, kuma a shekarar da babu cuta yawanci ba ya kamo ingantaccen iri a yawan amfani. Kowannenku yana riƙe da rabin gaskiya, kamar yadda kuka raba gonar.

Abin da nake ba ka shawara shi ne ka same shi a lokacin da hankalinsa ke kwance, ka ce masa kana so ya taya ka duba wani abu da ya fi ka sani. Ku shiga tare, shi ya zaɓi layi a naka, kai ka zaɓi layi a nasa. Ku ƙirga shuka nawa ne tabo ya kai ganyen goyo a kowane ɓangare. Ku kafa alama a layuka masu tsawo ɗaya, biyar nan biyar can, a inda ƙasar ta yi kama. Ranar girbi a cire su daban, a shanya, a sussuke, a auna da ma'auni ɗaya a gabansa. Ka faɗa masa tun yanzu cewa in nasa ya fi, ko suka yi kunnen doki, ka yarda ka yi asara, baɗi ba za ka sake sayen wannan irin ba. Dattijo yakan saurari yaron da ya shirya karɓar kaye. Idan kuma za ka yi feshi, ka fesa ɓangarorin biyu ko ka bar layukan gwajin duka ba feshi, in ba haka ba awon ya lalace, kuma Baba zai riga ka gane hakan.

Maganar da ta fi ta iri nauyi, wadda ya kamata ku yi tun kafin kaka, ita ce ta gonar kanta. Baɗi a hutar da ita daga masara, shekara ɗaya aƙalla, biyu in da hali. A sa mata waken suya, gyaɗa ko wake, waɗanda wannan fumfuna ba ta ci, kuma suna gyara ƙasa. Dawa ba ita ce zaɓi na farko ba, domin ita ma tana da tata ƙunar ganyen daga wannan dangi. Karan bana kuma kada a bar shi a shimfiɗe: ko a kwashe, ko a binne shi da huɗa ya ruɓe, sai dai in gonar gangare ce da ruwa ke kwashe ƙasarta, a nan barin tarkace yana da nasa amfanin, sai a dogara da sauya shuka. Duk lokacin da masara za ta dawo, a shuka da wuri, a bi tazarar da aka rubuta wa irin domin iska ta ratsa ganye ya bushe da safe, a kuma ba ta taki daidai, har da fotash, wanda ke ƙarfafa kara.

In irin da ka saya haibirid ne, wato wanda aka haɗa daga auren iri biyu daban, ko ya ci gwajin kada ka ɗebi iri daga girbinsa. 'Ya'yansa ba sa fitowa kamar uwarsu, amfanin yana raguwa, juriyar ma tana warwatsewa, wata shukar ta gada wata ta rasa. Baba zai so ya ajiye, domin haka ya saba. Ka yi masa bayani tun kafin ya ware goyon. Nasa irin kuwa, a bana musamman, ku zaɓe shi tun yana tsaye a gona, ku ɗaura ƙyalle a shukar da ganyenta na sama ya fi daɗewa kore kuma karanta bai kwanta ba, daga cikinsu za a cire na shuka.